Kurakuran da aka fi yi wajen karanta hoton ƙirji a farkon cutar numfashi mai tsanani

Idan ƙwayar bairos ta sauka a huhu da ƙarfi, ko korona ce, ko SARS, ko MERS, ko mura mai tsanani, bayan an auna zafin jiki da numfashi abin da ake fara nema shi ne hoton ƙirji. Dalilin a fili yake. Gwajin majina kan ɗauki sa'o'i, wani lokaci kwanaki, hoto kuwa cikin 'yan mintoci yana hannu, kuma ɗan Adam ya fi yarda da abin da idonsa ya gani. Sai dai a wannan fagen gani bai kori ji ba. Hoto ba ya faɗin sunan ƙwayar cuta, ba ya kuma faɗin abin da gobe za ta haifar. Iyakarsa ya nuna halin da huhu yake ciki a daidai lokacin da aka danna na'ura. Yawancin kurakuran da ake tafkawa daga mantawa da wannan suke tasowa, wasunsu kuma rai suke ci.

Akwai abubuwa biyu da za su riƙa dawowa a bayanin nan, gara a san su tun yanzu. Lafiyayyen huhu baƙi yake fitowa a hoto, saboda iska ce cike da shi. In ruwa ko kumburi ya shiga 'yan jakunkunan iska amma bai kori iskar duka ba, wurin sai ya yi dishi-dishi, toka-toka, ana iya hango jijiyoyin jini ta cikinsa. Wannan shi ne hazo. In kuwa jakunkunan sun cika maƙil, wurin ya yi fari fat, jijiyoyin sun ɓace, sai dai a ga bututun iska baƙaƙe sun ratsa ta ciki, to huhu ya cushe ke nan. A cututtukan bairos masu tsanani hazo ne ke fara zuwa, cushewa ta biyo baya.

Hoto ya fito tas, sai a ce babu komai

Wannan ne uban kurakuran, kuma shi ya fi mayar da majinyaci gida ba tare da an ja masa kunne ba. Mutum ya zo da zazzaɓin kwana 2, busasshen tari, jiki duk ya mutu. An ɗauki eksire, babu tabo ko ɗaya. Sai a ce masa huhunsa lafiya lau, ya je ya huta. Bayan mako guda a dawo da shi ranga-ranga.

Hujjar ba ta ɓuya ba tun farkon annobar korona. Wani bincike da mujallar Radiology ta wallafa a watan Fabrairun 2020, kan majinyata 121 daga asibitocin ƙasar Sin, ya nuna cewa cikin waɗanda aka yi wa CT a kwana 2 na farko da fara jin alamu, kashi 56 cikin 100 hotonsu bai nuna komai ba. CT fa, wanda yake yanka ƙirji siriri-siriri ya leƙa kowane lungu. Ina ga eksire? A Hong Kong an bi majinyata 64, aka tarar hoton eksire na farko ya kama cutar a kashi 69 cikin 100 ne kawai, wato kusan mutum 1 cikin 3 ya wuce ba a ga komai ba. Tun lokacin SARS a 2003 likitocin Hong Kong suka san da haka: akwai waɗanda eksirensu ya fito fes, aka sa su a CT aka ga hazo kwance a ƙasan huhu.

Abubuwa biyu ne ke jawo wannan. Na farko lokaci. Ƙwayar tana fara zama ne a hanci da maƙogwaro, kuma babbar ɓarnar da ake gani a huhu daga faɗan da garkuwar jiki ke yi da ita take fitowa, wannan faɗan kuwa yana ɗaukar kwanaki kafin ya bar alama. Na biyu yanayin eksire kansa. Hoto ne da ya tara gaba da baya wuri guda, ƙashi a kan tsoka, tsoka a kan huhu. Hazo siriri ne, kuma a korona ya fi son gefe, da baya, da ƙasa, daidai wuraren da zuciya da tantanin da ya raba ƙirji da ciki suke rufewa.

Likitocin birnin Wuhan na ƙasar Sin da suka yi ta maimaita CT ga majinyata 21 sun zana tafiyar cutar a matakai huɗu, kuma har yau wannan taswirar tana da amfani. Daga rana ta 0 zuwa ta 4, ɗan hazo a gefe ko ma babu komai. Rana ta 5 zuwa ta 8, hazon ya yaɗu, ya kama huhu biyun, sirarun layuka sun fara ratsa shi. Rana ta 9 zuwa ta 13 abin ya kai maƙura, cushewa ta yi yawa, ƙololuwar kuma wajen rana ta 10. Daga rana ta 14 sai ya fara janyewa a hankali. Majinyatan da aka bi ɗin ba su kai ga shaƙewa mai tsanani ba, saboda haka wanda cutar ta yi wa mugun kamu yana iya zarce wannan ma'auni, amma darasin ɗaya ne: hoton rana ta 2 da na rana ta 10 ba magana ɗaya suke yi ba.

Gyaran yana farawa ne kafin a shiga ɗakin hoto, da tambaya ɗaya da ake yawan yi da gaggawa. Ka ce, "Baba, yaushe ka fara jin jikin nan?" Ya ce, "Ai jiya ne, likita." Kada ka rubuta jiya ka wuce. Ka sake tambaya: "Jiya ne numfashin ya yi nauyi, ko jiya zazzaɓin ya fara?" Sau da yawa sai matarsa ko ɗansa ya sa baki: "A'a, tun wancan makon yake fama da ciwon kai da kasala, abinci ma ya daina jin ɗanɗanonsa." To ashe rana ta 8 ake, ba ta 1 ba. Daga ranar da alamu suka fara ake ƙirga, ba daga ranar da aka zo asibiti ba, kuma a rubuta wannan lambar a takardar neman hoto, domin mai karanta hoton bai ga majinyacin ba. Takardar da aka rubuta wa "tari" kawai zalunci ce ga mai karatu da majinyaci baki ɗaya.

In hoto ya fito tas a kwanakin farko, abin da ya kamata a gaya wa majinyaci shi ne yau ba a ga komai ba, amma mako na biyu ne abin tsoro. A rahoton farko daga Wuhan, matsakaicin lokacin da numfashi ya fara sarƙewa rana ta 8 ce. A ƙirga numfashinsa na cikakken minti guda, a auna oksijin yana zaune, a sa shi ya ɗan taka a sake aunawa. A kuma tuna cewa ƙaramar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa tana iya ƙara wa mai baƙar fata maki. Binciken Jami'ar Michigan da ya fito a Disamban 2020 ya gano cewa ƙarancin oksijin da na'urar ta kasa kamawa ya ninka kusan sau 3 a baƙaƙen fata idan aka kwatanta da farare. Mai numfashi sama-sama da na'ura ta ce 94, ni dai ba zan bar kyakkyawan hoto ya kwantar min da hankali a kansa ba.

An ga hazo, sai a raɗa wa cutar suna

Wannan shi ne kishiyar na farko, kuma tarihinsa yana da ban sha'awa. A tsakiyar Fabrairun 2020 kayan gwaji sun yi wa lardin Hubei, inda Wuhan yake, kaɗan, asibitoci sun cika sun batse. Sai hukumomin Sin suka yarda a ƙirga duk mai alamu da hoton huhu irin na cutar a matsayin wanda ya kamu, ko da gwaji bai tabbatar ba. A rana guda lardin ya ba da sanarwar sababbin mutane sama da 14,000. Bayan kamar mako guda aka janye wannan ƙa'ida. A wancan wuri da wancan lokaci matakin yana da ma'ana, domin kusan duk mai zazzaɓi da hazo a Wuhan korona ce ke damunsa. Kuskuren ya zo ne da aka ɗauki wannan dabara aka kai ta wuraren da cutar ba ta yi yawa ba.

Babban binciken asibitin Tongji a Wuhan, mai majinyata 1,014, shi aka fi kafa hujja da shi, saboda ya ce CT ya kama kashi 97 cikin 100 na masu cutar. Lambar da ba a cika faɗa ba ita ce ta biyu: cikin waɗanda gwajin majina ya ce ba su da ita, kashi 25 cikin 100 ne kawai CT ya wanke. Gaskiya ne wasu daga cikinsu gwajin ne ya kuskure, amma ko an rage wannan, saƙon bai canza ba. Hazo ba tambarin wata cuta ɗaya ba ne. Shi ya sa a ranar 11 ga Maris 2020 Kwalejin Likitocin Hoto ta Amurka ta fito ta ce kada a yi amfani da CT wajen tantance jama'a ko a matsayin gwajin farko. A watan Afrilu Ƙungiyar Fleischner, wadda ta tara masana huhu daga ƙasashe da dama, ta ce mai alamu marasa tsanani ba ya buƙatar hoto sai in yana cikin haɗarin cutar ta tsananta, amma wanda numfashinsa ke taɓarɓarewa lalle a ɗauka.

Kama da wane ba wane ba ne. Ga waɗanda suka fi shigar burtu.

Ruwa a huhu saboda gazawar zuciya, ko saboda an yi wa majinyaci ƙarin ruwa fiye da kima. Shi ma hazo ne a huhu biyu, amma ya fi taruwa a tsakiya kusa da zuciya, zuciyar ta faɗaɗa, akwai gajerun layuka a kwance a gefen ƙasan huhu, sau da yawa da ruwa a tantanin huhu ta ɓangarorin biyu. Babbar shaidarsa saurin canzawa: a ba da maganin sa fitsari, cikin sa'o'i hoton ya washe. Cutar bairos ba ta washewa cikin dare ɗaya.

Nimoniyar nan ta masu raunin garkuwa da ake kira PCP, wadda ke kama mai ƙanjamau idan ƙwayoyin garkuwar jiki na CD4 sun sauka ƙasa da 200, ko mai shan magungunan danne garkuwa. Hazonta ya fi son tsakiya da sama, yakan bar gefe, wani lokaci da 'yan ƙananan kogunan iska, kuma numfashin yana lalacewa ne a hankali cikin makonni. Tana da maganinta takamaimai, kuma duk ranar da aka ɓata ana kiranta da wani suna asara ce. Duk mai hazo a huhu biyu da ba a san matsayinsa ba, a nemi yardarsa a yi masa gwajin ƙanjamau.

Tarin fuka, wanda a lokacin annoba aka yi ta tsallake shi. Tabo a saman huhu, kogo, ƙananan ɗigo-ɗigo da suka bi rassan bututun iska, kumburin kaluluwa a tsakiyar ƙirji, tari na makonni da rama da gumin dare, duk ba halin korona ba ne. Sai kuma zubar jini a cikin huhu, da illar magunguna irin amiodarone da methotrexate, da ciwon huhun masu zuƙar sigarin lantarki da ya ɓarke a Amurka a 2019, da rikicin ƙirji na masu sikila. Su ma ƙwayoyin bairos ɗin a tsakaninsu hoto ba ya raba su da tabbaci. Murar H1N1 ta 2009 da korona suna iya fitowa kusan iri ɗaya.

Gyaran shi ne a koyi abin da bai dace da hoton cutar ba, kamar yadda aka koyi abin da ya dace. A farkon korona da SARS, kogo, da manyan kaluluwa, da ruwa mai yawa a tantanin huhu, da cushewar sashe guda cak na huhu, duk baƙi ne. In an gan su a nemi wani dalili, ko cuta ta biyu da ta hau kan ta farko. MERS, wadda ta ɓulla a Saudiyya a 2012, ta ɗan bambanta: ruwa a tantanin huhu ya fi yawa a cikinta, kuma ganinsa alama ce mara kyau. Rahoton hoto kuma ya faɗi gwargwadon tabbacinsa. Ƙungiyar likitocin hoto ta Arewacin Amurka ta kasa shi gida huɗu a Maris 2020: ya yi kama sosai, ba a iya yankewa, bai yi kama ba, babu alamar nimoniya. Likitocin Holan suka fito da nasu ma'aunin mai suna CO-RADS, daga 1 zuwa 5. Kowanne aka ɗauka, kalmar ƙarshe ta gwajin ƙwayar cuta ce. A sani kuma cewa waɗannan ma'aunai an gina su ne a kan nau'in farko na cutar. Bayan rigakafi ya yaɗu kuma nau'in korona na Omicron ya zo a ƙarshen 2021, hoton nan na hazo a gefe ya ragu ƙwarai.

Karanta hoton da tun asali bai ɗauku ba

Mai tsananin ciwo ba ya iya tsayawa ya manna ƙirji a allo ya riƙe numfashi. A gado ake ɗaukarsa da na'urar turawa, daga gaba zuwa baya, yana kishingiɗe yana haki. Irin wannan hoton yana da ƙaryarsa. Zuciya takan fito da girma fiye da yadda take, saboda haka ƙa'idar nan ta cewa kada faɗinta ya wuce rabin ƙirji ba ta aiki a nan. In bai ja numfashi sosai ba, jijiyoyin ƙasan huhu sai su matsu wuri guda su yi fari, mai gaggawa ya ce nimoniya ce ta kama ɓangare biyu.

Kafin a dubi huhu, a ba hoton kansa daƙiƙa 20. A ƙirga haƙarƙari: ya kamata a ga kamar 6 ta gaba, ko 9 zuwa 10 ta baya, sama da tantanin ciki. A dubi ƙasusuwan nan biyu da suka kwanta daga gindin wuya zuwa kafaɗa, kawunansu su yi nisa ɗaya da tsakiyar ƙashin baya. In ɗaya ya fi kusa, majinyacin ya karkace, kuma huhu ɗaya zai fi ɗaya haske ba tare da wata cuta ba. A tabbata ana hango ƙashin baya ta bayan zuciya. Nono, da kitse, da allon kafaɗa da ba a janye ba, duk suna sa inuwa a gefe da ƙasa, daidai inda ake neman hazo.

CT ma yana da nasa. In an ɗauka majinyaci yana fitar da numfashi, huhun gaba ɗaya sai ya yi toka-toka kamar hazo. Alamar da ke tona wannan ita ce bangon baya na babban bututun iska, wanda yakan lotsa ciki maimakon ya yi zagaye. Wanda ya daɗe kwance rigingine kuma, bayan huhunsa yakan ɗan matse saboda nauyi, ya ba da siririn hazo a daidai wurin da korona ke so. In ana shakka kuma majinyaci zai iya, a kifa shi rub da ciki a sake ɗauka: hazon nauyi zai ɓace, na cuta zai tsaya.

Ido ya ga abu ɗaya ya ƙoshi

Da zarar an ga abin da aka zo nema, sai a daina dubawa. Huhun da ya kumbura yana da rauni, musamman in ana tura masa iska da na'ura, kuma jakunkunan iska suna iya fashewa. Iskar ko dai ta taru tsakanin huhu da bangon ƙirji ta danne huhun, ko ta bi gefen jijiyoyi da bututu ta gangara tsakiyar ƙirji, hanyar da Charles Macklin ya bayyana tun 1939, har ta haura wuya a ji fata tana ƙaras-ƙaras in an taɓa. A wanda yake kwance iskar ba ta hawa saman huhu inda aka saba nemanta. Gaba da ƙasa take taruwa, sai a ga kusurwar da ke tsakanin haƙarƙari da tantanin ciki ta yi zurfi ta yi baƙi fiye da ta ɗaya ɓangaren.

Sai bututu. Bakin bututun numfashi da ake zura wa majinyaci ta maƙogwaro ya kamata ya tsaya kamar santimita 5 sama da inda babban bututun iska ya rabu biyu. In ya zarce, dama yake faɗawa, domin reshen dama ya fi miƙewa. Huhun hagu sai ya rasa iska ya lanƙwashe ya yi fari fat, oksijin ya faɗi, a taru ana cewa cutar ta cinye huhun hagu cikin dare ɗaya. Alhali janye bututun da 'yan santimita shi ne maganin. Bututun abinci kuma a bi shi da ido har a ga ya sauka ta tsakiya ya wuce tantanin ciki kafin a zuba komai. A riƙe tsari guda na dubawa, kowane hoto, kowace rana, kuma a ajiye hoton jiya kusa da na yau.

Gudan jinin da hoto bai nuna ba

Ga majinyaci oksijin ɗinsa ya faɗi warwas, zuciya na gudu, amma hoton bai fi na shekaranjiya muni ba. In hoto da majinyaci suka saɓa haka, a yi tunanin gudan jini a jijiyoyin huhu. A asibitoci 3 na ƙasar Holan an bi majinyatan korona 184 a sashen kulawa ta musamman a 2020, aka ƙiyasta kashi 31 cikin 100 sun sami matsalar daskarewar jini, mafi yawa a huhu, duk da ana ba su maganin kariya. Eksire ba ya nuna gudan jini. CT ɗin da aka yi ba tare da allurar ruwan da ke haska jijiyoyi ba shi ma ba ya nunawa, kuma a farkon annoba irinsa aka fi yi. Saboda haka "an yi CT ba a ga komai ba" ba amsa ba ce sai an san wane irin CT aka yi. Gwajin jini na D-dimer, mai neman alamar daskarewar jini, ba ya yanke hukunci shi kaɗai, domin kumburi ma yana ɗaga shi.

Yi wa hoto magani a bar majinyaci

Hoto mai muni yana firgita likita, firgici kuma yana buɗe akwatin magani. Wani nazari da ya tattara bincike da dama a 2020 ya gano cewa kashi 3.5 cikin 100 ne kawai na masu korona suka zo asibiti da bakteriya a tare, kashi 14.3 suka same ta daga baya, amma kusan kashi 72 an ba su maganin kashe bakteriya. Hazo a huhu biyu ba hujjar rubuta wannan magani ba ce. A mura lissafin ya ɗan bambanta, domin bakteriya ta fi bin bayanta, kuma ita ta kashe mafi yawan waɗanda suka rasu a annobar 1918. Alamarta sananniya ce: mutum ya fara samun sauƙi, sai zazzaɓi ya dawo, majina ta yi kauri ta canza launi, hoto ya nuna sabuwar cushewa a sashe guda, wani lokaci har da kogo. A nan jinkiri ne kuskure.

Haka batun dexamethasone, maganin rage kumburi. Babban gwajin RECOVERY na Birtaniya ya nuna a Yunin 2020 cewa yana rage mutuwa ga masu buƙatar oksijin da waɗanda ke kan na'urar numfashi, amma bai amfani waɗanda ba sa buƙatar oksijin ba. Ma'aunin buƙatar oksijin ce, ba yawan farin da ke hoto ba. A jirgin ruwan Diamond Princess da aka killace a Yokohama ta ƙasar Japan a Fabrairun 2020, sama da rabin masu ɗauke da ƙwayar da ba su da wata alama an ga tabo a CT ɗinsu, suna zaune lafiya ƙalau.

Hoto kuma yana bin bayan jiki ne wajen warkewa. Zazzaɓi ya sauka, mutum yana cin abinci, an cire masa oksijin, amma huhu na nan fari a hoto. Wannan ba dalilin riƙe shi ko canza magani ba ne. Ɗaukar eksire kowace safiya ga wanda yake kan na'ura kuma yanayinsa bai canza ba shi ma al'ada ce kawai, Ƙungiyar Fleischner ta ce babu buƙata. A ɗauka in an sa sabon bututu, ko in wani abu ya sauya.

CT ga kowa, ko hana hoto ga mai juna biyu

Kai mai haki ɗakin CT tafiya ce mai haɗari: a cire shi daga oksijin na bango, a tura shi ta baranda, a kwantar da shi rigingine, sannan a rufe ɗakin a tsabtace shi, wani lokaci kusan awa guda, sauran majinyata na jira. Kafin a aika, a amsa tambaya ɗaya: me zan canza in na ga sakamakon? A ma'aunin tururin hoto da ake kira milisibat, eksiren ƙirji yana ba da abin da bai wuce kamar 0.1 ba, CT kuwa 6 zuwa 7, wato ya haura abin da mutum ke samu daga muhalli cikin shekara 2. A ɗaya gefen kuma akwai masu hana mace mai ciki eksire saboda tsoro, alhali abin da ke isa ga ɗan tayi daga hoton ƙirji bai taka kara ya karya ba, kuma uwar da ta rasa oksijin ita ce babban haɗari ga abin da ke cikinta.

Na'urar nan da ake sikanin ciki da ita tana da amfani ƙwarai a bakin gado, musamman da yake cutar gefe take so. Layukan haske 3 ko fiye da suka sauko tsakanin haƙarƙari biyu, da tantanin huhu da ya yi kaushi, suna nuna huhu ya jiƙe. Amma abin da bai taɓo gefe ba na'urar ba ta ganinsa, kuma gazawar zuciya ma tana ba da layukan. Kuskuren da aka fi yi da ita shi ne duba gaban ƙirji kawai. A juya majinyaci a duba baya da ƙasa.

Ga jarirai masu shaƙewa da ƙwayar bairos ta numfashi da ake kira RSV, jagororin likitocin yara na Amurka da Birtaniya sun ce kada a mayar da eksire al'ada, domin 'yan wuraren da huhu ya lanƙwashe suna kama da nimoniya, su jawo maganin da ba a buƙata. Manhajojin kwamfuta masu karanta hoto kuwa a yi taka-tsantsan da su. Masu bincike a Jami'ar Cambridge sun tace ayyuka sama da 2,000 na shekarar 2020, suka zurfafa a kan 62, ba su sami ko ɗaya da ya isa a yi aiki da shi a asibiti ba. Wasu manhajojin ma yara da manya suka koyi bambancewa, saboda hotunan "marasa korona" da aka horar da su da su na ƙananan yara ne.

Bayan sallama

Layuka da tamƙewar da ake gani a CT a mako na 3 ko na 4 sukan sa a yi saurin gaya wa mutum huhunsa ya yi tabo na har abada. Da yawansu suna narkewa cikin watanni, kuma kalmar da aka furta da wuri tana hana mutum barci a banza. Kuskuren da ya fi wannan haɗari shi ne rashin sake ɗaukar hoto kwata-kwata. Ƙungiyar likitocin ƙirji ta Birtaniya ta ba da shawarar a maimaita eksire bayan mako 12 ga wanda korona ta taɓa wa huhu, a ga waɗanda suka kwanta a sashen kulawa ta musamman tun kafin nan. In hoton bai washe ba, ko numfashi bai dawo ba, a auna ƙarfin huhu, a yi CT, a sake neman gudan jini. Ga dattijo ko mai shan taba, tabon da ya ƙi tafiya daga wuri guda yana iya zama ciwon daji da kumburi ya rufe a hoton farko, saboda haka a rubuta ranar dawowar a takardar sallama, a kuma faɗa wa majinyaci da wanda ya yi jinyarsa baki da baki.